GYAMBON CIKI YANA WARKEWA, IN AN SAN MAFARINSHI

 Yau mun ajiye zancen iri da taki. Zancen cikin manomi za mu yi, don gona ba ta nomuwa in mai ita yana kwance riƙe da ciki.

Akwai wani ciwo da kowa ya san sunanshi a karkararmu. Wasu na ce mashi gyambon ciki, wasu na ce mashi olsa. Wani ya yi shekaru yana jiƙa kanwa saboda shi. Wani ya bar yaji, ya bar tsami, amma ciwon bai bar shi ba. Wani kuma ya sallama, ya ce wannan ciwo ba ya da magani, sai dai a yi ta lallashinshi.

Ɗan'uwa, ga abin da muke so ka riƙe tun daga farko. Gyambon ciki yana warkewa. Abu biyu ne ke kawo shi ga mafi yawan mutane: wata ƙwayar cuta da ke zama cikin tumbi, da kuma ƙwayoyin ciwon jiki da ake sha don gajiyar aiki. In aka kashe ƙwayar cutar, aka bar waɗannan magunguna, gyambon yana rufewa. In aka bar shi haka, yana iya zubar da jini ko ya huda tumbi, ya kai mutum kushewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka karanta a hankali, ka karanta ma iyalinka.

1. MENE NE GYAMBON CIKI?

In ka haɗiye tuwo, tumbi yake faɗawa. Tumbi yana fitar da wani ruwan tsami mai ƙarfi ƙwarai. Likitoci na ce mashi asid. Aikinshi shi ne narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta da suka biyo abincin. Ruwan nan yana narkar da nama. To, me ya hana shi ya narkar da tumbin da kanshi, alhali shi ma nama ne?

Ka dubi rumbunka na ƙasa. Yaɓe ne ke tsare shi daga ruwan sama. Muddin yaɓen na nan, hatsi na zaune lafiya. In yaɓen ya ɓare a wuri ɗaya, nan ruwa zai yi ta ci har ya yi rami. Haka tumbi yake. Allah ya yi mashi yaɓe na wani yauƙi mai kauri daga ciki. In yauƙin ya lalace a wani wuri, ruwan tsami sai ya taɓa naman, ya ƙone shi, ya bar miki. Wannan miki shi ne gyambon ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gyambon yana fitowa wuri biyu. Ko cikin tumbi, ko a bakin ƙaramin hanji, daidai inda abinci ke fita daga tumbi. Sau da yawa faɗinshi bai kai na farcen yatsa ba, amma yana iya zurfi.

2. MAFARI NA FARKO: ƘWAYAR CUTA

A da, likitocin duniya sun ɗauka babu wata halitta da ke iya rayuwa cikin ruwan tsamin tumbi. Sun ɗauka tunani da yawan tsami ne kaɗai ke kawo gyambo. Suna ba mutum magani ya ji sauƙi, bayan ƴan watanni ciwon ya dawo. Wasu har sai an yanke masu wani sashe na tumbi.

A shekarar 1982, likitoci biyu a garin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raino wata ƙwayar cuta daga tumbin marasa lafiya. Ƴan'uwansu likitoci ba su yarda da su nan da nan ba. A 1984 Marshall ya zuba ƙwayar cutar a ruwa ya sha da gangan. Bayan ƴan kwanaki ya kama amai, aka duba aka ga tumbinshi ya kumbura. A 2005 aka ba su su biyu kyautar Nobel saboda wannan aiki.

Sunan ƙwayar Helikobakta. A takardar likita za ka ga an rubuta H. pylori. Ido ba ya ganinta. Tana kutsawa ƙarƙashin yauƙin tumbi ta ɓuya, kamar yadda gara ke shiga ƙarƙashin yaɓe. Tana raunana yauƙin a hankali, shekara da shekaru.

Yawanci tun mutum yana yaro take shiga. Tana bi ta miyau, ta amai, ta hannun da ba a wanke ba bayan an zaga, da ruwan sha wanda ƙazanta ta taɓa. Shi ya sa ta fi yawa inda ake zama a cunkushe, da inda ruwa mai tsabta ya yi ƙaranci. Cikin manyan mutane 10 na duniya, wajen 4 na ɗauke da ita. A ƙasashenmu na Afirka abin ya fi haka.

Amma kada ka tsorata. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba su jin komi har su tsufa. Wajen mutum 1 cikin 10 ne take yi ma gyambo. Ga wasu kaɗan kuma, in ta daɗe, tana iya kawo ciwon dajin tumbi. Tun 1994 hukumar lafiya ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji. Don haka wanda aka gano tana cikinshi, a kashe ta.

3. MAFARI NA BIYU: ƘWAYOYIN CIWON JIKI

Wannan ya shafe ka kai tsaye, kai manomi.

Aikinmu ba ya da hutu. Da damina ga shuka, ga noman farko, ga maimai. Ana gama girbi sai a shiga garka. Mai albasa a Galmi ko Tsarnawa yana wuni duƙe wajen dashe, sannan ga ban ruwa, ga haƙa, ga ɗaukar buhu. Mai fili a gandun noman rani na Ƙonni, wanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, yana fita wannan aiki ya faɗa wancan. Ga masu lodin siminti a Malbaza, ga ƴan kabu-kabu, ga mata da daka da ɗiban ruwa da icce. Da marece baya na ciwo, gwiwa na ciwo. Sai a tsai da mai tallan magani, a ce: «Ba ni na gajiya.» Sai ya haɗa ƙwaya uku ko huɗu, ja da fara da rawaya, ya ƙulle a leda.

Cikin wannan haɗi ne haɗari yake. Akwai wani dangin magunguna masu kashe ciwon jiki da kumburi. Suna aiki, shi ya sa ake son su. Amma suna hana tumbi yin yauƙin nan da ke tsare shi. Ko ta allura aka ba ka su, ɓarnar tana isa tumbi, don ta jini suke bi.

Ga amfanin karatun da ka yi. Kafin ka haɗiye ƙwaya, ka karanta sunan da ke bayan takardarta ko a kan kwalinta. Ga sunayen da za ka kiyaye, yadda ake rubuta su:

Diclofenac
Ibuprofene ko Ibuprofen
Piroxicam
Indometacine
Naproxene
Aspirine

Ka rubuta su a littafinka. Wani lokaci za ka ga an haɗa ɗaya daga cikinsu da farasitamol a ƙwaya guda, an sa mata wani suna mai daɗi da hoton ƙaƙƙarfan mutum. Ka dubi ƙananan baƙaƙen da ke ƙasan sunan. Nan gaskiya take. Ƙwayar da aka ba ka tsirara, ba takarda ba suna, kada ka sha ta.

Haɗarin yana ƙaruwa in ana shan su kullum, in an haɗa iri biyu lokaci guda, in mutum ya haura shekara 60, ko in ya taɓa yin gyambo. Yana ƙaruwa kuma in an haɗa su da Dexamethasone ko Prednisolone, waɗanda wasu ke sha don ƙiba ko don ciwon gaɓoɓi. Mai Helikobakta a ciki, in ya ƙara da waɗannan ƙwayoyi, ya haɗa gara da ruwan sama a kan rumbu ɗaya. Abin da ya fi muni, maganin na ɓoye zafin gyambon. Mutum bai san komi ba sai ya ga jini.

In jiki na ciwo, farasitamol ba ya cin tumbi. A kan kwali an rubuta shi Paracetamol. Babba yana shan ƙwaya 2 masu lamba 500, sau 3 a wuni, kada ya wuce haka, don yawanshi na taɓa hanta. In ciwon ya wuce kwana 3, je gidan likita. Wanda likita ya ɗora ma ƙaramar asfirin saboda zuciya ko shanyewar jiki, kada ya bari da kanshi. Ya koma ya gaya ma likitan yana jin ciwon ciki.

4. YUNWA FA? YAJI FA? TUNANI FA?

Ana cewa yunwa ce ke kawo olsa. Ana cewa yaji ne, ko tsami, ko yawan tunani. Waɗannan ba su huda tumbi mai lafiya. Amma in gyambon ya riga ya fito, suna iya tayar da zafinshi, kamar yadda gishiri ke yi ma miki. Shi ya sa ɗan biɗa da ke kwana da yunwa a Legas ko Abijan yake ganin yunwa ce ta jawo mashi. Gyambon na nan tun da farko, yunwar ta tona shi.

Don haka kada ka hana kanka abinci mai gina jiki. Wake, nono, ƙwai, kifi, nama, zogale, duk ka ci. Abin da ka lura yana tayar maka da ciwo, ka rage shi har ka warke.

Taba ita ce babbar abokiyar gyambo. Tana hana shi warkewa, tana sa ya dawo. Giya ma tana ƙona tumbi. Shayi mai kauri, kofi da goro suna ƙara ma wasu zafi, musamman in ciki ba komi.

5. YAYA AKE JIN SHI?

Zafi ne ko raɗaɗi a saman ciki, tsakanin cibiya da ƙahon zuci. Wani na jin kamar wuta, wani kamar ana gwaguyar shi, wani kamar yunwa mai tsanani.

Gyambon bakin hanji ya fi tashi in ciki ba komi, awa 2 ko 3 bayan cin abinci, ko da tsakar dare har ya tayar da mutum daga barci. In ya ci wani abu sai ya lafa. Na tumbi kuwa sau da yawa cin abincin ne ke tayar da shi, har mutum ya riƙa tsoron ci, ya rame. Ana iya samun kumburin ciki, yawan gyatsa, tashin zuciya da saurin ƙoshi. Ciwon na yin makonni, ya ɓace, ya sake dawowa.

Amma ka sani, ba kowane ciwon ciki ne gyambo ba. Tsutsar ciki na kawo ciwo. Ciwon hanta da na matsarmama na kawo ciwo a saman ciki. Ƙwarnafi, wato tsamin da ke hawowa maƙogwaro, ciwo ne daban. Ga dattijo, ciwon zuciya ma na iya zuwa kamar zafin ciki, tare da zufa da nauyin ƙirji. Kada maƙwabci ya yanke maka hukunci don ciwonka ya yi kama da nashi. Ciwon da ya kai mako 2 yana tafiya yana dawowa, a kai shi gidan likita.

6. ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Wannan sashe ka karanta shi sau biyu.

Na ɗaya, jini. Gyambo na iya cin jijiyar jini. Sai mutum ya yi aman jini ja, ko amai baƙi-baƙi mai gari-gari. Ko bayan gidanshi ya fito baƙi wuluk kamar kwalta, mai danƙo, mai mugun wari. Jini ne da ya narke a hanji. Sai jiri, sai bugun zuciya da sauri, tafin hannu da cikin ido su yi fari.

Na biyu, hujewa. Gyambon ya ci har ya fasa bangon tumbi, ruwan tsami da abinci suka zube cikin ciki. Ciwo ne ke zuwa farat ɗaya kamar an soka wuƙa. Ciki ya ƙage kamar katako. Mutum ba ya son motsi, ba ya son a taɓa shi. Bayan ƴan awoyi yana iya jin kamar ya samu sauƙi. Sauƙin ƙarya ne. Zazzaɓin taifot ma yana huda hanji haka, kuma hanyar ceto ɗaya ce ga su biyun: aikin tiyata.

Na uku, toshewa. Tsohon gyambo na barin tabo ya matse hanyar fitar abinci. Mutum ya yi ta aman abincin jiya, yana bushewa.

In ka ga na ɗaya ko na biyu, dare ne ko rana, ga abin yi:

Kada a ba shi abinci, ko fura, ko ruwa.
Kada a ba shi jiƙo, ko kanwa, ko maganin wankin ciki, ko ƙwayar ciwon jiki.
Kada a yi mashi tsaga ko ƙaho, kada a murza cikin.
A kwantar da shi, a nemi mota ko amalanke nan take.
A tafi da takardun magungunan da yake sha.
A tafi da ƴan'uwa biyu ko uku masu ƙarfi, waɗanda za su iya ba da jini.

A nufi asibiti mafi kusa. Ma'aikacin lafiya zai sa mashi ruwa, ya tura ku inda ake tiyata. Akwai asibitocin gunduma a Ƙonni da Illela. Akwai asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950, a bakin babbar hanyar Ƙonni zuwa Madawa. Akwai babban asibitin jaha a Tawa. Wanda aka yi ma aiki cikin awoyin farko ya fi samun tsira. Kowace awa da aka ɓata wajen jiran gari ya waye, ko jiran a sayar da akuya, tana rage mashi rabo. A ranci kuɗin mota, a biya daga baya.

Akwai kuma alamomin da ba na gudu ba ne, amma ba a wuce mako da su: ramewa ba dalili, abinci na tsayawa a ƙirji, rashin jini, kullutu a saman ciki, ko ciwon ciki sabo ga wanda ya haura shekara 50. Waɗannan sai an duba, don a tabbata ba ciwon daji ba ne.

7. ME ZA A YI MAKA A GIDAN LIKITA?

Za a tambaye ka inda ciwon yake, da lokacin da yake tashi, da launin bayan gida. Za a tambaye ka magungunan da kake sha. Faɗi gaskiya. Faɗi na mai talla, faɗi na gargajiya. Likita ba alƙali ba ne, ba ya tsare ka don ka sha ƙwaya.

Ana gano Helikobakta ta awon bayan gida ko awon numfashi. Akwai awon jini ma, amma shi yana nuna ko ƙwayar ta taɓa shiga jikinka ne kawai, ko da ta riga ta mutu. Don haka ba a auna warkewa da shi. In ka riga ka fara shan maganin rage tsami ko na kashe ƙwayoyin cuta, ka faɗa, don suna iya ɓoye ƙwayar a wajen awo.

Akwai kuma leƙen tumbi. Ana zura wani siririn tiyo mai fitila ta baki, likita ya ga gyambon da idonshi, ya tsinko ɗan nama a auna. Aikin ƴan mintoci ne, ba a yanka. Ana yin shi a manyan asibitoci irin na Yamai. Ba kowa ke bukatarshi ba. In likita ya tura ka, yana da dalili, ka daure ka je.

8. MAGANIN KWANA 14

Maganin gyambo ƙafa biyu gare shi.

Ƙafa ta ɗaya, rage ruwan tsami don miki ya samu ya rufe. Wanda aka fi sani shi ne Omeprazole da danginshi. Ana shan shi da ruwa, minti 30 kafin a ci abinci. Gyambo kan ɗauki mako 4 zuwa 8 kafin ya rufe.

Ƙafa ta biyu, kashe Helikobakta. Ƙwaya ce mai taurin kai, magani ɗaya ba ya kashe ta. Sai an haɗa iri biyu ko uku na masu kashe ƙwayoyin cuta, irin su Amoxicilline, Clarithromycine, Metronidazole ko Tetracycline, wani lokaci da Bismuth. Ana shan su tare da mai rage tsami, yawanci kwana 14 a jere. Likita ne ke zaɓen haɗin da ya dace da kai. Kada ka haɗa da kanka, kada ka kwafi takardar wani. In wani magani ya taɓa sa maka ƙaiƙayi ko kumburi, ka faɗa tun kafin a rubuta.

Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Bayan kwana 3 ko 4 ciwo ya lafa. Sai mutum ya ce ya warke, ya ajiye sauran don wata rana, ko ya ba matarshi. Kai manomi ne, ka san abin da ke faruwa in ka nome rabin gona ka bar rabi. Ciyawar da ta saura ita ke zubar da iri. Ƙwayoyin da suka tsira su ne masu ƙarfi. Za su hayayyafa, kuma maganin da ka sha jiya ba zai ƙara kama su ba. Sai an nemo wani mai tsada.

Ga dabara. Ka ja layi 14 a littafinka, kowane layi rana ɗaya. Ka raba shi gida-gida, na safe da na dare, ko yadda likita ya ce. Duk lokacin da ka sha, ka sa alama. Ka sayi maganin duka rana ɗaya, a farmasi ko a wurin sayar da magani na asibiti. Maganin da ya wuni a rana bisa tire ƙarfinshi na raguwa, kuma akwai na jabu. Ka dubi ranar lalacewarshi. In ka ga Ranitidine, ka bar shi: tun 2020 ƙasashe da yawa suka janye shi daga kasuwa.

Magungunan na iya sa ɗacin baki, tashin zuciya ko ɗan zawo. Ka daure. Bismuth na sa bayan gida da harshe su yi baƙi, wannan ba jini ba ne. Mai shan Metronidazole kada ya kusanci giya. In ƙuraje suka feso, ko fuska ta kumbura, ko zawo ya tsananta, ka tsaya ka koma likita ranar.

Bayan ka gama da mako 4 ko fiye, in da hali, a sake awon bayan gida ko na numfashi. In ƙwayar ta mutu, kuma ka bar ƙwayoyin ciwon jiki, da wuya gyambon ya dawo.

9. KANWA DA MADARA

Mai jiƙa kanwa bai yi ƙarya ba in ya ce yana jin sauƙi. Kanwa na kashe kaifin tsami na ɗan lokaci. Madara da nono ma haka. Fararen magungunan tauna da na ruwa da ake sayarwa ma haka. Amma babu ɗayansu da ke taɓa Helikobakta. Sauƙin na ɗan lokaci ne, gyambon kuwa na ci gaba da zurfi. Madara kuma bayan ta sanyaya ciki, tana sa tumbi ya ƙara fitar da tsami. Ka sha fura da nono don abinci ne, kada ka lissafa su cikin magani.

Kanwa na da nata haɗari. Gishirinta na da yawa. Tana cutar da mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon zuciya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura yawan kunun kanwa yana cikin abubuwan da ke ƙara ma zuciyar mai jego nauyi. Omeprazole shi kaɗai ma, in ana sayen shi ana sha wata da watanni ba awo, rufe wuta ne da toka.

10. AZUMI DA MASU JUNA BIYU

Likitoci a ƙasashen Musulmi da dama sun lura hujewar gyambo na ƙaruwa cikin watan azumi. In ka san kana da ciwon, je gidan likita wata ɗaya ko biyu kafin azumi, a yi maka magani ka warke. Wanda gyambonshi ke ɗanye, ko ya yi zubar jini kwanan nan, ya ji shawarar likita, ya tambayi malami a kan rangwamen da addini ya yi ma marar lafiya. Wanda ya warke yana iya azumi. Kada ya bar sahur, kada ya sha ruwa da ƙwayar gajiya.

Ke kuma ƴar'uwa mai juna biyu, zafin ƙirji da ƙwarnafi abu ne da ciki ke kawowa, sau da yawa ba gyambo ba ne. Kada ki sha ƙwayoyin da muka lissafa a sashe na 3, suna iya cutar da abin da ke cikinki. Wasu magungunan Helikobakta ma ba su dace da mai ciki ba. Ki gaya ma ungozomar asibiti wajen awo. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba ki tana sa bayan gida ya yi duhu. Kada ki bar ta don haka. Amma in akwai jiri, ko amai da jini, ki je nan da nan.

11. RIGAKAFI A GIDA

Tun da a ƙuruciya ƙwayar ke shiga, yaranmu za mu tsare.

A wanke hannu da sabulu bayan an zaga, bayan an wanke ma yaro, da kafin a sa hannu a akushi. A zuba ruwan a hannu da buta, kada kowa ya tsoma a ƙwarya ɗaya.
A gina masai, a yi nesa da rijiya. A zuba kashin yara a ciki.
A sha ruwan famfo ko na rijiya mai murfi. Ruwan tabki da na hanyar ban ruwa, a tafasa shi kafin a sha. A rufe randa, a ware mata moɗa.
Kada a tauna abinci a sa ma jariri a baki. A dama mashi, a ba shi da cokali mai tsabta.
A wanke salati, tumatir da kabeji da ruwa mai kyau kafin a ci.

ABIN DA ZA KA RIƘE

Gyambon ciki miki ne, kuma yana warkewa.
Helikobakta da ƙwayoyin ciwon jiki su ne manyan masu kawo shi.
Karanta sunan magani kafin ka haɗiye.
In an ba ka na kwana 14, ka cika 14.
Aman jini, baƙin bayan gida, ko ciki ya ƙage: asibiti yanzu, ba gobe ba.

Ɗan'uwa, a garinku akwai waɗanda ba su samu shiga ajin yaƙi da jahilci ba. In sun sayo ƙwaya, ka karanta masu sunanta. In kun zauna da dare wajen sauraron rediyo, ko a taron ƙungiyar manoma, ka karanta masu sashe na 3 da na 6. Ku shawarta tun yanzu: in ciwo ya kama wani da tsakar dare, motar wa za a nema, kuma su wa za su ba da jini?

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a gonakinmu da garakenmu.